Lawan Da Labarin Obi Tela

Shekara ashirin ke nan da muka ɗauki Lawan daga gidansa na Fagge muka kai shi makwancinsa. Na zaci zuwa yanzu zan iya ambaton sunansa ba tare da raɗaɗin rashinsa ya taso mini ba, sai na tarar tsufa bai rage komai ba. Ƙara mini ma ya yi, domin yanzu ba ni da aji da zan shiga, ba ni da yaran da za su ɗauke mini hankali, sai zaman ƙofar gida da tunani.

Sauran shekaru nakan bar ranar ta wuce da addu'a kawai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata ɗaliba daga jami'a da ta zo nemana a watan jiya. Ta ce tana rubuta kundi a kan wasan kwaikwayo na dandamali a Kano, kuma an gaya mata akwai wani Lawan da ya yi abin da suke kira bayan-zamananci tun kalmar ba ta iso garin nan ba. Na ce ta fassara mini. Ta ce salo ne da labari ba ya tafiya a miƙe, ɗan wasa yakan juyo ya gaya wa 'yan kallo cewa wasa yake yi, a kawo abu guda ta fuskoki daban-daban a ƙi faɗar wacce ce gaskiya. Na ce mata lallai ba ta ɓata hanya ba, Lawan take nema. Na ba ta abin da zai shiga kundi. Wanda ba zai shiga kundi ba shi ne zan rubuta a nan.

Ni da Lawan unguwa ɗaya aka haife mu, allo ɗaya muka wanke, firamare ɗaya muka yi. Ni na zama malamin makaranta. Shi ya tafi jami'a a Zariya, ya yi ɗan zama ya dawo bai gama ba, ya kama aiki a wani kantin littattafai a Sabon Gari. Mai kantin yakan ce bai san ko ma'aikaci ya ɗauka ko mai karatu ba, domin babu littafin da zai shigo Lawan bai riga mai saye karanta shi ba. Dogo ne siriri, ga suma ya tara, ga wando mai faɗin ƙafa irin na samarin lokacin. In yana magana a kan wasa sai ya manta da abincin da ke gabansa.

Waɗannan su ne shekarun da kuɗin mai suka sauko wa ƙasar nan. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowane malamin makaranta ya sayi babur, ni ma ban tsira ba. A Titin Ibrahim Taiwo kullum ka wuce sai ka ga sabon gini ya taso, otal ko ofis. A shataletalen Bata kuwa sai ka yi da gaske kafin ka tsallaka titi. Gwamnati ma tana kashe kuɗi a kan bukukuwan al'adu, ana neman ƙungiyoyin wasa ido rufe. Amma irin wasan da ake so sananne ne: a yi kiɗa, a yi rawa, mugu ya sha hukunci, dattijo ya fito ya yi wa jama'a nasiha, a tafa. Lawan ya haɗa tasa ƙungiyar, samarin Fagge da na Sabon Gari a cakuɗe, muna gwaji a wani aji na makarantarmu bayan an tashi yara. Sau ɗaya muka shiga gasa. Alƙalai suka ce wasanmu ba kai ba gindi. Lawan ya dawo yana dariya, ya ce a duk alƙalan nan babu wanda rayuwarsa take da kai da gindi, amma suna so a yi musu ƙarya a kan dandamali.

Ina tuna wata rana da muka shiga silima kallon fim ɗin Indiya, aka sami kuskure aka sa faifan ƙarshe kafin na tsakiya. Muka ga jarumin ya mutu ana kuka, can sai ga shi ya fito garau yana waƙa a cikin furanni. Gidan silima ya kaure da ihu da fito, har da masu jifa. Na juya in ce mu tafi, sai na ga Lawan ya ƙura ido ko ƙiftawa ba ya yi. A hanyar gida ya ce mini ranar ce fim ya fara gaya masa gaskiya, domin wanda aka yi wa rashi haka yake tunawa, mutuwar ce take fara zuwa masa, sannan dariyar da aka yi tare. In an ce masa salon nasa na Turawa ne, sai ya ce kakanninmu mata sun riga su, tunda mai tatsuniya in ta gama takan faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shirya.

A cikin ƙungiyar akwai wata yarinya, Nkechi, mai buga tafireta a wani ofis a Titin Ibrahim Taiwo. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar tawa. Mahaifinta tela ne, ana ce masa Obi Tela, shagonsa a Fagge yake kusa da Kantin Kwari, kuma manyan unguwarmu da yawa shi yake yi musu ɗinkin Sallah. A tashin hankalin da ya gabaci yaƙin basasa, ranar da mutanensu suke ta gudu zuwa tashar jirgin ƙasa, ya ce wa matarsa ta wuce da yara zai biyo su. Bai biyo su ba. Bayan yaƙi uwar ta dawo Kano da Nkechi, ta kama ɗaki a Sabon Gari tana sayar da busasshen kifi, amma kowa ya san ba kifi ne ya dawo da ita ba. Mijinta take nema. Duk mu Mama muke ce mata.

Nkechi ta daɗe tana bin mutane da tambaya, kuma kowa da abin da yake gaya mata. Wani ya ce ya ga Obi ya shiga jirgin da ya biyo baya, a hanya ya ɓace. Wani ya ce a bakin kasuwa aka kashe shi, a kan idonsa. Wani direba ya rantse ya gan shi a Damagaram, ya musulunta ya yi aure yana ɗinki. Wata tsohuwa ta ce wani attajiri ne ya saka shi cikin motar goro aka yi kudu da shi. Wata rana bayan gwaji ta zauna ta ba mu waɗannan labarai, ba ta yi kuka ba, kamar mai karanta darasi. Na ga idon Lawan ya canza. Ya ce mata wannan wasa ne a shirye, in ta yarda.

Ta yarda. Ita tunaninta shi ne in aka yi wasan a gaban jama'a, wataƙila wani da ya san gaskiya ya ji nauyi ya yi magana. Shi kuma Lawan, Allah ya gafarta masa, yana sonta, wannan ba wanda bai sani ba a cikinmu ko da yake ba a taɓa furtawa ba, amma a makonnin nan wasan ya fi komai cika masa zuciya. Ya ce ya sami abin da ya daɗe yana nema, labarin da ba wanda ya isa ya ce ga ƙarshensa. Suka shirya ba za a gaya wa Mama ba.

Ga yadda ya tsara shi. Mutum huɗu ne suka fito a matsayin Obi, kowa in lokacinsa ya yi sai ya karɓi tef ɗin awo ya rataya a wuya, ya yi nasa labarin. Ni aka ba wa na Damagaram. Lawan da kansa yana zaune a gefen dandamali da tafireta, 'yan wasa suna zuwa suna yi masa gardama, wannan ya ce ba zai mutu ba sai an canza masa, wancan ya fizge takarda ya yaga. Nkechi kuma tana tsaye a tsakiya da sunanta na gaskiya, tana tambayar kowannenmu ko shi ne babanta. Aka ba mu aron zauren wata makarantar mishan a Sabon Gari, wata Asabar bayan la'asar. Zauren ya cika har tagogi, mutanen Fagge da na Sabon Gari kafaɗa da kafaɗa, abin da ba a cika gani ba a shekarun.

Wasan ya tafi yadda Lawan yake so. A wurin kisan bakin kasuwa zauren ya yi tsit, na ga manyan mutane suna sunkuyar da kai. Da aka zo nawa, inda Obi yake koyon alwala yana rikita ta, amaryarsa tana gyara masa, sai aka fashe da dariya, domin haka aka rubuta shi, a saki jiki bayan an ƙuntata. A ƙarshe mu huɗu muka jeru, tef ɗin yana ƙasa a gabanmu ba wanda ya ɗauka. Lawan ya tashi daga kan tafireta ya ce wa jama'a wasa ya tsaya a nan, kowa ya tafi gida da Obin da ya zaɓa. Aka yi tafi mai tsawo. Wasu ɗaliban jami'a da suka zo daga Zariya har miƙewa suka yi.

Tafin bai gama mutuwa ba na hango wata mace ta taso daga kujerun baya tana tahowa a hankali, da zanen kasuwa a jikinta. Mama ce. Wata maƙwabciya ce ta gaya mata ana wasa da sunan mijinta. Nkechi ta dafe baki. Mama ba ta dube ta ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a gindin dandamali ta ɗaga kai ta dubi Lawan.

"Ɗana, ka yi ƙoƙari," in ji ta. "Amma ni miji ɗaya gare ni. In ya mutu, mutuwa ɗaya ya yi. Ka ba ni huɗu, wacce zan kai gida?"

Ta sunkuya ta ɗauki tef ɗin, ta naɗe shi yadda teloli suke naɗewa, ta ajiye a bakin dandamali, ta kama hannun 'yarta suka fita. Jama'a suka buɗa musu hanya. Waɗansu a baya sun zaci wannan ma cikin wasan ne, har suka fara tafi, sai da aka tsawatar musu. Wannan tafin ya fi komai tsaya wa Lawan a rai. Ya sha gaya mini cewa shi ya koya musu kada su bambance wasa da gaske, kuma sun koya.

Ba a yi wata biyu ba Mama ta tattara kayanta suka koma ƙauyensu a bayan Inugu. Nkechi ta zo kantin littattafai ta yi wa Lawan sallama a tsaye, ta ce ba laifinsa ba ne shi kaɗai, ita ta kawo labaran. Maganar aure da ba a taɓa buɗewa ba ta rufe a nan. Ƙungiya ta watse, domin Lawan ya daina zuwa gwaji. Waɗancan ɗaliban sun aiko ana gayyatarsa ya kai wasan Zariya, ya ce a gaya musu wasan ya mutu.

Abin da ya koma yi shi ne neman gaskiyar abin da ya sami Obi. Duk ranar da ba aiki sai ya ari babur ɗina ya shiga gari. Ya bi tsofaffin 'yan dako na tasha, ya bi teloli, ya bi direbobin motocin goro, har Damagaram ya je ya dawo hannu wofi. Mutane ba sa son a tayar da maganar wancan lokaci, ga kuɗi sun shigo, kowa yana gini yana sayen mota, ba mai son a tuna masa abin da ya gani ko abin da ya yi. An zage shi, an rufe masa ƙofa, akwai wanda ya ce masa ɗan leƙen asiri ne. Mahaifiyarsa ta kira ni ta ce in yi masa magana, ya bar matattu su huta ya nemi mata. Na yi masa. Ya ce mini an tambaye shi tambaya a gaban jama'a bai amsa ba, kuma ba zai iya barci da ita ba.

Shekaru suka ɗan ja. Wata rana aka aiko daga unguwar Rijiyar Lemo cewa wani dattijo, Malam Inuwa mai goro, ba shi da lafiya kuma yana son ganin saurayin nan mai tambayar tela. Tare muka je. Muka tarar da shi a kwance a zaure, ya sa aka fitar da kowa. Ya ce Obi telansa ne shekara da shekaru. A ranar tashin hankalin ya tsince shi a wani lungu a Fagge jina-jina, ya ɗora shi a amalanke ya lulluɓe da buhunan goro ya kawo shi gida. Ya ɓoye shi a ɗakin ajiya, shi da uwargidansa suna yi masa magani, ba halin kai shi asibiti. Bayan 'yan kwanaki Obi ya cika. Ya ce wa maƙwabta baƙo ne ya zo masa daga ƙauye ya rasu, aka yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar unguwa. Tun daga ranar bai gaya wa kowa ba, yana tsoron a ce shi ya kashe shi, yana kuma tsoron abin da mutane za su ce in suka ji ya sa sun sallaci Kirista.

Lawan ya tambaye shi ko Obi ya bar wata magana. Dattijon ya ce zazzaɓi ya rufe shi, yawanci da yarensu yake sambatu, amma akwai abin da ya yi ta maimaitawa da Hausa: farar rigar yarinya saura ƙasa bai kalmashe ba, a ce mata kada ta yi kuka, zai kawo mata. Malam Inuwa ya sa ɗansa ya kai mu ya nuna mana kabarin. Bai yi mako biyu ba shi ma ya rasu.

Na ɗauki hutu na raka Lawan. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Inugu, daga can muka hau mota muna tambaya har muka sami gidan. A duk tsawon hanyar yana ta maimaita yadda zai faɗa, yana cire duk wata kalma ta ado, yana cewa so yake ya faɗe shi a miƙe kamar yadda yaro yake isar da saƙo. Muka tarar Nkechi ta yi aure, da goyo a bayanta, ta zo ganin uwarta. Mama ta tsufa sosai. Ta karɓe mu da mutunci, ta sa aka kawo mana ruwa da goro. Lawan ya durƙusa a gabanta ya ba ta labarin daga farko har ƙarshe, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo kan maganar farar riga, Nkechi ta tashi da sauri ta fita. Mama kuwa ko motsi ba ta yi ba. Da ya gama ta dube shi.

"Wannan ne na biyar?" ta tambaye shi.

"Mama, wannan ba wasa ba ne. Wallahi na ga kabarin da idona."

"Waɗancan ma da ka yi su, kamar gaske suke," in ji ta. "Ka sha ruwa ka huta, ɗana. Hanya da nisa."

Na sa baki na ce ni ma ina wurin, na ji da kunnena. Ta dube ni ta ce ai ta gane ni, ni ne na Damagaram. Nkechi ba ta dawo ba har muka tashi. A jirgin dawowa Lawan ya jingina kai da taga, bai ci komai ba har muka wuce Kafanchan. Abin da ya ce mini kawai shi ne ba ta yi masa rashin adalci ba.

Bayan wannan ya yi rayuwa irin ta kowa. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya, ya buɗe ɗan kantinsa na littattafai kusa da Bata. Bai sake hawa dandamali ba. Lokacin da samari suka fara fina-finan Hausa na kaset, wasu da suka ji labarinsa sukan zo neman ya rubuta musu. Yakan karanta nasu ya gyara musu, ya nuna musu inda labari ya yi rauni, amma nasa bai ba kowa ba. Duk Juma'a bayan an sauko yakan bi ta Rijiyar Lemo ya tsaya a kan kabarin nan, ya cire ciyawa. 'Ya'yansa sun daɗe suna zaton wani kawunsa ne a wurin. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, kuma wasiyyarsa guda ce, a kai shi wannan maƙabarta.

Nakan zauna yanzu in tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Jikokina suna nuna mini fina-finai a waya inda ɗan wasa yake juyowa ya yi wa mai kallo magana, inda ake fara labari daga ƙarshe, kuma ba wanda yake ihu ko jifa. Abin da alƙalai suka kore mu a kansa ya zama ruwan dare, har ana ba da digiri a kai. Ina jin wannan zai ba shi dariya. Amma akwai wanda ba zai ba shi dariya ba. Yau in abu ya faru a Sabon Gari da safe, kafin azahar ya zama labari goma a waya, kowanne da hotonsa da mai rantsuwa a kansa, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya tura gaba. Ba wanda yake tsayawa ya tuna cewa a ƙarshen kowane irin wannan labari akwai wata mace a zaune da take buƙatar guda ɗaya tak. Lawan bai taɓa cewa salonsa ƙarya ba ne. Har ya rasu yana kan cewa mutane ba sa ganin abu iri ɗaya, kuma wasan da ya ɓoye haka ya yaudari masu kallo. Abin da ya ƙara a kai, bayan ya sha wuya, shi ne akwai labarin da ba naka ba ne balle ka yi gwaninta da shi.

Shekara guda bayan rasuwarsa wata mota ta tsaya a ƙofar gidana, wata dattijuwa ta fito da furfura a kanta ta yi sallama da Hausar Kano tsantsa. Nkechi ce. Labarin rasuwar bai same ta da wuri ba. Ta je ta yi wa iyalinsa ta'aziyya, sannan ta ce in kai ta Rijiyar Lemo. Mata ba sa shiga, don haka muka tsaya a bakin katanga inda ta ɗan rushe, na nuna mata da hannu, ga na mahaifinta, ga na Lawan can gaba kaɗan.

A nan ta gaya mini abin da ya sa na kasa barin wannan labari ya tafi da ni kabari. Ta ce ranar gudun, ita ce ta yi ta kuka a kan farar rigar da babanta yake ɗinka mata ta wani biki na coci, ta ce ba za ta tafi ba sai da ita. Shi ya sa ya koma shago. Ban da ita da uwarta ba wanda ya san wannan a duniya, ko Lawan ba ta taɓa gaya wa ba. Saboda haka tun Lawan bai rufe baki ba su biyun suka san gaskiya ya kawo. Ta ce muna fita Mama ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, washegari ta sa aka aske mata kai, ta sa baƙaƙen kaya, ta yi wa mijinta takaba yadda ake yi a can, aka yi masa addu'a a coci. Daga ranar ta daina zama a bakin hanya tana duban masu saukowa daga mota.

Na tambaye ta to me ya sa Mama ta amsa masa haka.

"Ta ce ba za ta yi kuka a gaban mutumin da ya sa aka yi wa mijinta dariya ba," in ji Nkechi. "Daga baya ta huce, ta ce in sanar da shi. Ni ce na kasa. In zan gaya masa, dole in faɗi maganar rigar. Kullum sai in ce baɗi."

Ta dafa katangar ta daɗe a tsaye, sannan ta ce Allah ya ji ƙansu su biyun, ta koma mota.

Ɗalibar nan ta tambaye ni ko akwai rubutun wasan, ko hoto, ko kaset. Babu ko ɗaya. Zauren ma an rushe shi an yi shaguna. Cikin waɗanda suka hau dandamali ranar, ban san wani da ya rage ba sai ni da Nkechi. In da abin da za a auna Lawan da shi a kundi ne, to kaɗan ne, wasa guda da aka yi sau ɗaya wata Asabar. Ni da na zauna da shi, ba da wannan nake auna shi ba. Na san mutum mai baiwa da ya ji wa wata baiwar Allah ciwo ba da niyya ba, bai kare kansa da cewa fasaha ce ba, ya ajiye abin da ya fi so a duniya ya bi lungu-lungu har ya samo mata amsarta. Saboda shi wata mace ta yi takaba ta huta, wata 'ya ta san inda ubanta yake kwance. Shi kuma ya rayu sauran shekarunsa, ya mutu, yana zaton an mayar masa da saƙonsa.

Wannan ne yake hana ni sukuni duk shekara in ranar ta zagayo. Ba ni da hanyar da zan isar masa. Sai dai in roƙi Allah, wanda ba a ɓoye masa komai, ya gafarta wa Lawan, ya yalwata masa kabarinsa, ya kuma sanar da shi a inda yake cewa Mama ta yarda.